Lambar Nababa a Katin Jannatu

Cin amanar saƙo shi ne laifin da zan ba ku labarinsa yau. A ba mutum magana ya kai, ya haɗiye ta, ya goge baki, sannan ya zo ya miƙe ƙafa a tabarmarka yana shan furarka. Ku 'yan matan da ke bin labarin nan a waya kuna jiran a zo wajen kalaman soyayya, ku kwantar da hankalinku, za ku samu, don Nababa ya iya su kamar a bakinsa aka fara yin su. Sai dai ku karanta har ƙasa kafin ku ce wayyo daɗi.

Ni ce Mairama, uwar Bushira, kakar Jannatu. A cikin Birnin Gwari muke, can bayan kasuwa. Mijin Bushira, Nu'uman, a gonarsa ta hanyar Dogon Dawa mutanen daji suka harbe shi, Jannatu na da wata takwas. Bushira ta gama takaba ta dawo ɗakina da goyonta.

Tun a goyon na san yarinyar nan ba daidai take ba. Ta kama nono ta ɗan tsotsa ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi kamar wadda ta yi surfe. In ta yi dogon kuka leɓɓanta su yi shuɗi kamar ta sha shuni. Da ta fara tafiya kuma sai ta tsiro da wani hali: taku goma, ta tsuguna. Ta tashi, taku goma, ta sake tsugunawa. Maƙwabta kowa da nasa. Wannan ta ce beli ne a kira wanzami, waccan ta ce iska ce, wani ya ce asma. Ni kuwa cewa na yi sangarta ce irin ta marainiya, har ina daka mata tsawa: "Tashi, ƙawata! Wa ya ce miki mace na tsuguno a tsakar gida kamar mai tallan gyaɗa?" Allah ya yafe mini.

Alice ce ta fara gane abin. 'Yar wajen Kuyello ce, uwarta ƙawata ce tun muna kasa daddawa a rumfa ɗaya, ita kuma nas ce a wani babban asibiti a Kaduna. Ta zo gida hutu ta shigo gaishe ni, ta kama hannun Jannatu, a lokacin tana shekara huɗu, ta yi ta juya yatsun. Kawunansu duk sun yi bul-bul kamar kan 'yar taɓarya.

"Mama, don Allah kada ku bari wanzami ya taɓa yarinyar nan ko da bakin aska. Ku kawo mana ita."

Kun dai san hanyarmu. Ba a fita sai ranar da sojoji ke rakiya, motoci su jeru tun da safe kowa na karanta abin da ya sani. A motar Nababa muka samu wuri. Direba ne, amma in kin gan shi sai ki rantse ɗaurin aure za shi: shadda ruwan toka ta sha guga, hula an karya ta gefe, agogo mai walƙiya, waya biyu, turare kuwa har ya fi ƙarfin warin fetur. Tun daga tasha yake gyara madubi yana leƙen Bushira. Na gani, na yi kamar ban gani ba, a raina kuwa ina cewa Allah ya sa.

A asibitin aka kwantar da Jannatu, aka shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, aka ɗauki hoton zuciyarta tana motsi a cikin talabijin. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ɗauki biro ta zana mana a takarda.

"Mama, zuciya ɗaki huɗu ce. Katangar da ke tsakanin ɗakuna biyun ƙasa tana da huji, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma ta tsuke. Da shi aka haife ta. Ba laifin uwarta ba ne, ba kuma iska ba ce."

Na ce, "To, tsugunon fa? Na hana, na hana, ta ƙi ji."

Ta ajiye biron ta dube ni. "Kada ki ƙara hana ta. Ita ta gano wa kanta magani. In ta tsuguna, jini ya fi samun hanyar huhu. Ran da ta shiɗe muku ma, ku naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji, ku rarrashe ta, ku nufi asibiti."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Aka ba mu magani sau uku a rana. Aka ce ta riƙa shan ruwa sosai, a kula da haƙoranta, ba tsaga, ba sakiya. Gyaran gaskiya kuwa sai aiki. Akwai ayarin likitocin zuciya da ke zuwa sau biyu a shekara, wata ƙungiyar taimako ke ɗaukar nauyi, yara kuma suna da yawa, layi ake bi. Aka ce mu dawo bayan wata biyu a ga yadda maganin ya karɓe ta, sannan a sa sunanta.

A cikin wata biyun nan Nababa ya mai da zaurenmu tasha. Ya zo da tuffa, ya zo da biskit, ya zo da atamfa wai ta Inna ce. In yana hanya saƙo ya yi ta shigowa, Bushira na karantawa tana taɓe baki, ni ina miƙa wuya.

"Me ya ce?"

"Wai, hasken idona, na iso Buruku amma zuciyata na Birnin Gwari."

"Ji yaro mai hankali!"

"Inna, mutumin da ya bar zuciyarsa a gida yana tuƙa mutane, wannan ne mai hankali?"

Da aka datse layin waya a ƙasarmu gaba ɗaya, na ce to yanzu ma huta. Ina! Sai ya koma ɗaukar muryarsa a hanya, in ya dawo ya zauna a zaure ya tura mata ta bulutut, ga shi ga ta, wai ta saurara in ya tafi. Namiji da gemunsa.

Bushira ba ta ƙi shi ba, ba ta kuma sake da shi ba. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce, "Inna, kin lura bai taɓa ɗaukar Jannatu ba? Biskit yake miƙa mata yana kallon wani wuri."

Na yi mata caa. "Ke bazawara, da 'ya marar lafiya a hannu, saurayi mai mota ya zo har gida, kina ƙirga inda idonsa ke kallo? Wa kike jira, gwamna? Maza haka suke, sai an zauna ake sabawa." Na kira ƙanena Jaji, don shi take jin maganarsa, na ce ya yi mata magana. Na kira ƙannen ubanta. Muka yi ta yi har ta ce to.

Ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye muku ba. Ran da muka koma asibiti aka sa sunan Jannatu a layin aiki, mai rubutu ta ce a ba da lambar da za a kira. Ta ce da zarar an sa rana za a kira, mu zo kwana uku kafin ranar, da mutum biyu masu ba da jini. To mu ga mu a garin da ko hello ba ta shiga. Dole sai lambar wanda ke fitowa Kaduna. A watannin nan direbobi su ne wayar gari: su ake ba wasiƙa, su ake ba magani, su ke kawo labarin haihuwa da na mutuwa.

Bushira ta ce, "A sa ta Gideon direba. Ta hannunsa Alice ke yi wa mamanta aike shekara da shekaru."

Na ce, "Ga mijin da za ki aura a tsaye a bakin ƙofa, ki ba da lambar wani ƙato? So kike a ce me? Malama, rubuta ta surukina." Har da ɗaga murya na faɗi surukina ɗin, don matan da ke kan benci su ji. Shi kuma ya matso ya karanto lambar yana murmushi, ya dafa ƙirji. "Inna, ko ƙarfe nawa suka kira, a kaina yake."

Aka sa biki Asabar ɗin ƙarshen wata. Lefe ya zo, akwatuna suka cika mini ɗaki har sai na raɓa nake kaiwa gado. Duk ran da ya dawo daga Kaduna, kafin ta ce sannu da hanya Bushira za ta ce, "An kira?"

"Shiru, gimbiya. Kin san aikin asibiti. Ke dai ki ji da ƙunshinki."

Ranar Talata, saura kwana huɗu, bayan azahar, mata sun cika tsakar gida. Ana kwaɓa lalle, ana tankaɗen garin waina, an naɗe wa Bushira ƙafa ɗaya a leda ana shirin ta biyun. Sai ga sallama ƙasa-ƙasa. Alice ce, da baƙin ɗankwali, ba fara'ar nan tata, ba tsokana. Ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ya haƙuri? Wallahi tun da na ji nake neman hutu, sai yau na samu na biyo rakiya."

Na ce, "Haƙurin me, 'yar nan? Wa ya mutu?"

Ta ɗago tana kallona, ta kalli lallen, ta kalli matan da ke dariya. Kafin ta buɗe baki sai ga Jannatu ta fito daga bayan randa da kofinta a hannu. Ta yi takunta, ta zo daidai gaban Alice ta tsuguna tana haki.

"Anti Alice, ina alawata?"

"Yesu!" Ledar da ke hannun Alice ta faɗi, lemo ya watse a ƙasa. Ta cafko yarinyar tana shafa fuskarta, tana taɓa hannu, tana taɓa ƙafa, sai kuka.

Da ta samu numfashi ta zaro waya. Ta ce kwana tara ke nan da aka fitar da sunaye, aka sa wa Jannatu ranar Alhamis, wato jibi. Don murna ma ita da kanta ta karɓi aikin kiran. Nababa ya ɗauka, ya ce alhamdulillahi, gobe zai isar. Washegari sai ga saƙo daga lambarsa. Ta miƙa wa Bushira, Bushira ta karanta a fili, muryarta ko rawa ba ta yi ba:

"Salam. Allah ya yi wa yarinyar rasuwa jiya. A cire sunanta. Mun gode da ƙoƙari."

Wata a cikin matan ta saki salati. Bushira ba ta yi kuka ba. Ta kwance ledar ƙafarta, ta jawo buta ta wanke lallen tas tun bai kama ba, ta ce, "A kira mini Kawu. A je tasha a ce Nababa ya zo, Inna na nemansa."

Bayan la'asar ya iso, cikin farar shadda, yana taunar cingam. Ya tarar da Jaji a zaure, ni a gefe, Alice a bakin ƙofa. Da ya ga Alice cingam ɗin ya tsaya. Jaji ya ajiye wayar Alice a gabansa.

"Karanta."

"Kawu, a fahimce ni…"

"Lambarka ce ko ba taka ba ce?"

"Tawa ce. Amma a tsaya a ji. An buga kati, an gayyaci mutane, dangina na Funtuwa sun riga sun shirya. Aikin nan Alhamis, biki Asabar, kuma an ce sai ta yi makonni a can. Amarya tana asibiti, wa za a kai mini? Na ce bari a gama biki, sai a sake rubuta sunan. Ai ba gudu asibitin zai yi ba."

Alice ta ce, "To me ya hana ka ce a ɗaga? Me ya sa ka kashe ta?"

"In na ce a ɗaga za ku yi ta kira, ko ku aiko wani. Ni kuma ba na son dogon zance."

Kun ji fa. Ba ya son dogon zance.

Da ya ga ba wanda ya tanka sai ya sake hanya, ya juyo wajena, don ya san inda yake samun sauƙi. "Inna, ke babba ce. A tsaga ƙirjin yarinya kamar ragon layya? Nawa aka yi wa suka tashi? Wallahi tausayinta na ji. Kuma ni a gida asma na ce musu tana da ita. In Hajiyarmu ta ji huji a zuciya, cewa za ta yi a jinin matar yake, duk 'ya'yan da za ta haifa mini haka za su zo. Auren nake karewa."

Mutumin da na yi faɗa da 'yata saboda shi ke nan, zaune yana gyara hannun riga kada ta taɓa ƙasa.

Sai labule ya ɗaga. Bushira ta fito da Jannatu a kafaɗa, ta sauke ta a tabarma daidai gwiwarsa.

"Ga ta. Tunda kai ka sanar da rasuwarta, yi mata addu'ar da ake yi wa mamaci. Muna ji, za mu ce amin."

"Haba gimbiya…"

"Ɗaga hannu mana. Ba ka iya ba ne?"

Ya kalli rufin zaure, ya kalli takalminsa. Ita kuwa yarinyar, me ta sani? Ta miƙa masa hannu tana jiran biskit.

Jaji ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. "Yaya, a fito masa da kayansa." Matan da suka zo ƙunshi su suka yi ta jan akwatunan har ƙofar gida, ko zif ba a tsaya ja ba, wani leshi na jan ƙasa. Ya tsaya a titi yana lodi shi kaɗai, unguwa ta fito tana kallo, ba wanda ya kama masa ko hannun jaka.

Da safe muka bi rakiya a motar Gideon, ni da Bushira da Jannatu da Alice, da Jaji da ɗansa Salim da za su ba da jini. Hanya ta ci mana wuni. Muna isa Alice ta ruga ta nemo likitar. Ta zo da kayan aiki a jikinta, ta ga Jannatu. Sannan ta zaunar da mu.

"An ba wani yaro gurbin. Tun shekaranjiya yake kwance, an gama masa gwaje-gwaje, jininsa na ajiye. Ba zan sauke ɗan wani daga gado ba. Baƙin kuma Juma'a za su tafi, kowace awa tasu da mai ita."

Bushira ta ce, "Sai yaushe?"

"Wata bakwai. Na sa ta a farkon layi da hannuna."

"Za ta kai?"

Likitar ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ta ƙara mata ƙarfin magani. Ta ce jinin yara irinta kauri yake yi, kada a bari ta yi ƙishi, gudawa ko zazzaɓi kada a kwana da su a gida, kuma kowace shiɗewa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka kawo sabon kati aka rubuta lamba uku. Ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya.

Yau muna cikin wata na biyar. Sau biyu ta shiɗe mana. Na biyun da hantsi ne, kaza ta fizge mata ƙosai ta fashe da kuka, kukan ya sarƙe, ta yi baƙi ƙirin ta saki jiki. Bushira ta naɗe ta gwiwa da ƙirji ta rungume tana yi mata waƙa a kunne, ni ina tsaye da kofin ruwa kamar gunki, har launin ya fara dawowa muka kwashe ta zuwa asibitin gari. Tun ranar hannunta na hagu bai cika riƙe abu da kyau ba. Da an yi aikin a ranar da aka sa, da yanzu ɗinkin ma ya warke.

Shi kuwa gogan, bari in lissafa muku abin da ya girba, don masu irin halinsa su ji.

Ya rasa Bushira, wannan ɗaya. Ya aiko da murya har sau shida ta hannun mutane, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Na biyu, sana'arsa. Labari ya riga shi isa tasha. Ba mai ba shi wasiƙa, ba mai ba shi maganin kai wa wani, mata in suka ga motarsa ce a kan layi sai su koma benci su jira ta baya. Shugabannin tasha suka gaji da motar da ba ta cika, suka cire shi daga jerin rakiya. Yanzu gawayi yake ɗauka, farar shaddar nan an daina ganinta.

Na uku, uwarsa. Hajiyar da ya fake da ita ta zo gidan nan da ƙafarta, ta ɗauki Jannatu ta ɗora a cinya tana hawaye, ta ce ita ma ta binne ɗa mai irin wannan haki shekara talatin da suka wuce, ba ta taɓa sanin sunan ciwon ba sai yau. Har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa.

Na huɗu, sunansa. Ba mai ce masa Nababa kuma, Mai Ta'aziyya ake kiransa, har mai shayi. Watan jiya ya je neman wata yarinya a Kazage, uban ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "To madalla. Wannan karon wa za ka kashe kafin biki?"

Nasa huɗu ke nan. Nawa ɗaya ne. Bushira tana gaishe ni, tana dafa mini, tana wanke mini kaya, ba ta taɓa ce mini ga abin da kika yi ba. Amma ko ƙofar gida za ta leƙa, da 'yarta take fita, katin asibitin kuma a cikin rigarta yake. Ta daina ba ni ajiyar kome.